Tambaya da Amsa: Muna son fita kallon tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a Legas, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Agege, kuma ni ke riƙe da sakatariyar ƙungiyar iyaye da malamai ta unguwarmu. Bara da Ƙaramar Salla muka ɗauki shatar mota muka je wani wurin daji a nan Legas, mu kusan 25, har da yara. Mun isa wajen ƙarfe 1 na rana. Ban da birai da wani dawisu ba mu ga komai ba, har wasu suka ce kuɗinmu kawai aka ci, wai ai babu sauran tsuntsu a Legas sai hankaka. Bana muna son sake fita, kuma burinmu tsuntsaye da malam-buɗe-littafi, don yara su ga abin da suke karantawa da idonsu. Wane wuri ya dace, a wane wata, kuma me za mu riƙe? Wani ya ba mu shawarar mu wuce dajin Omo gaba ɗaya. Ko hakan ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya da kike yi wa yaran.

Tsuntsayen suna nan, ba su je ko'ina ba. Abu biyu ne suka haɗu muku: kun isa a lokacin da suka shige inuwa suka yi tsit, sannan kun shiga ku 25 a dunƙule, ana hira ana kiran yara. Ko wanda ya tsufa a wannan aiki aka sa cikin ayari irin wannan da ƙarfe 1 na rana, birai zai gani ya dawo. Najeriya na da tsuntsaye fiye da nau'i 900, malam-buɗe-littafi kuma ya haura nau'i 1,000, kuma mafi yawansa a dazuzzukan kudu yake. Legas duk da gine-ginenta ta haɗa teku da tafki da fadama da ragowar kurmi a wuri guda, abin da garuruwa kaɗan ne suka samu. Saboda haka kafin mu zo kan wurin zuwa, ki fara gyara lokaci da yawan mutane. Idan waɗannan biyun suka gyaru, ko ƙaramin kurmi ya ishe ku. Idan ba su gyaru ba, ko Omo kuka je labarin bara za ku dawo da shi.

Abin da yawancin masu shirya irin wannan fita ba su lura da shi ba shi ne, halittun nan biyu da kuke son gani ba lokacinsu ɗaya ba. Ƙaramin tsuntsu jikinsa na ƙona abinci da sauri ƙwarai, don haka yakan wayi gari da yunwa, ya fito kiwo da zarar gari ya yi haske. A daidai lokacin ne kuma mazan ke kuka don su kare yankinsu ko su kira mata, iska a kwance take, murya na tafiya nesa. Daga wajen ƙarfe 6:30 zuwa 9:30 dajin a cike yake da motsi. Da rana ta ɗaga sai kowa ya nemi duhuwar ganye, ba za su sake fitowa sosai ba sai bayan la'asar.

Shi kuwa malam-buɗe-littafi jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa, daga rana yake aro. Hausawa sun san wannan tun tuni, shi ya sa suka ce da sanyin safiya ake kama fara. Sai tsokar da ke kaɗa fukafukansa ta ɗumama ta kai wajen digiri 30 sannan yake iya tashi da ƙarfi. Shi ya sa da hantsi za ki gan shi a kan ganye ya baje fukafukai yana shan rana. Wannan ɗan lokacin, tsakanin ƙarfe 9 da 10, shi ne mafi daɗin ɗaukar hotonsa, domin ya fito amma bai yi zafin nama ba tukuna. Daga nan har wajen ƙarfe 2 kasuwarsa ce ke ci. Kin ga ke nan yinin ya raba kansa: safiya ta tsuntsaye, hantsi zuwa azahar na malam-buɗe-littafi. Tsakani ku zauna ku karya, ku sha ruwa. Da azahar ku yi salla ku kama hanya tun cunkoson yamma bai kankama ba.

Ma'anar wannan ita ce daga Agege ana idar da sallar asuba mota ta tashi. Na san da mata da yara wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma a nan nasarar tafiyar take. Akwai kuma wani hanzari: wuraren da ake karɓar kuɗin shiga sukan buɗe wa jama'a ƙofa ne bayan rana ta ɗan ɗaga. Ki tuntuɓe su da makonni kafin ranar, ki gaya musu kallon tsuntsaye ya kawo ku, ki nemi a bar ku ku shiga da sassafe tare da jagoran da ya san tsuntsaye. Ki kuma guji ranakun Salla da Kirsimeti da sauran ranakun hutu, lokacin da rabin gari ke can ana kiɗa ana hotuna. Idan ranar aiki za ta yiwu a lokacin hutun makaranta, ta fi Asabar.

Game da wata, ni Nuwamba nake zaɓa, zuwa farkon Disamba. Damina a Legas kashi biyu ce: babba daga Afrilu zuwa Yuli, da Yuni a matsayin watan da ruwa ya fi yawa, sai ɗan sarari a Agusta, sai ƙarama a Satumba da Oktoba. A Nuwamba ruwa ya yi sauƙi, hanyoyi sun fara bushewa, amma ganye na nan shar, malam-buɗe-littafi ya yi yawa. Zuwa Janairu da Fabrairu ya ragu, ga hazon hunturu na dusashe launi. Maris da Afrilu ma suna da kyau, domin ruwan farko na sa tsuntsayen gida su soma kuka da ginin sheƙa.

Wani dalilin da ya sa nake son Nuwamba shi ne baƙi sun iso, kuma wasu daga cikinsu daga gida suke. Akwai wani siririn tsuntsu kore-kore, mai farin maƙogwaro da baƙin layi a ido da dogayen gashin wutsiya biyu, masana na kiransa Merops albicollis. A gefen Sahara yake haƙa rami a yashi ya yi ƙwai da damina. Da kaka ta yi sai ya gangaro kudu, ya yi rani a bakin kurmi, ruwa na sauka ya koma. Ɗan ci-rani ne sosai, irin 'yan'uwanmu da ke cika kasuwar Mile 12 bayan an gama girbi, su juya gida da shuka. Shirwa ma haka take yi: da rani ta cika sararin Legas, da damina ta bi ruwa ta yi arewa. Ki nuna wa yaran wannan tsuntsun idan kun same shi a kan waya ko busasshen reshe. Za su ga ya tashi ya cafke ƙwaro a iska ya dawo inda ya taso, idan kuma zuma ce ya kama sai ya goga ta a reshen har dafin ya fita kafin ya haɗiye. Ban da su akwai masu zuwa daga Turai da arewacin Rasha tsakanin Oktoba da Maris, tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu. Ɗaya na da dogon baki mai lanƙwasa ƙasa da yake zaƙulo ƙaguwa da shi a taɓo, wani ƙarami kuma ba ya daina kaɗa gindi yana tafiya a gaɓa.

To, ina za ku? Don fitar farko, cibiyar Lekki Conservation Centre da ke kan titin Lekki zuwa Epe ta wadatar. Gidauniyar kare muhalli ta NCF, wadda marigayi Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ita ta kafa wurin a 1990. Faɗinsa hekta 78, akasarinsa kurmin fadama ne mai tukurwa da kwakwar manja, da ɗan fili mai ciyawa a ƙarshe. An shimfiɗa hanyar katako a kan fadamar, don haka dattawa ma za su iya bi. Akwai kuma gadar nan mai lilo ta saman itatuwa, mai tsawon mita 401. Ita ce ke jan yawancin baƙi, kuma tana da amfani gare mu tunda tana kai mutum daidai da kan itatuwa inda wasu tsuntsayen ke rayuwa. Sai dai ana hawanta ne a jere, tana rawa, kowa hankalinsa na kan ƙafarsa. Ku bar ta sai kun gama kallon safe, ki kuma tambayi ƙa'idar shekarun yara kafin a biya. Can gaba a kan titin, wajen Sangotedo, akwai gandun LUFASI na Desmond Majekodunmi. Ya fi ƙanƙanta, yana da manyan tsofaffin itatuwa, kuma masu shi sun damu da kare ungulu. Masu son tsuntsayen ruwa kuma su leƙa bakin tafki a Jami'ar Legas da ke Akoka, musamman in ruwa ya janye taɓo ya fito.

Dajin Omo daji ne na gaske, ba na musu. Yana Jihar Ogun, kimanin kilomita 135 daga Legas, UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyayewa tun 1977, kuma har yanzu akwai ragowar giwayen kurmi da aku da manyan cilakowa a ciki. Amma ba zan ba ki shawarar kai mutum 25 da yara can a karon farko ba. Tafiya ce ta kwana, hanyar ciki da damina sai mota mai ƙarfi, sannan babban kurmi shi ne wuri mafi wuyar ganin tsuntsu. Itatuwan dogaye ne, ƙasan duhu, abin da kake nema yana can ƙololuwa yana kuka ba ka ganinsa. Sabon shiga yakan dawo da ciwon wuya da takaici. Idan kuna son mataki na biyu bayan Lekki, dajin cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan ya fi dacewa da ku. Jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2021 yana tsayawa a Agege ya sauke ku a Moniya, kusa da cibiyar. An ƙirga tsuntsaye fiye da nau'i 200 a can, malam-buɗe-littafi ma haka, kuma a yankin ne ake samun wani tsuntsu mai saƙa sheƙa, baƙi da ja, Malimbus ibadanensis, wanda aka bayyana wa duniyar ilimi a 1958, babu shi ko'ina a duniya sai kudu maso yammacin Najeriya. Nan ma sai an nemi izini tun kafin a taso.

Yanzu batun yawa, wanda shi ne ya fi wuya domin ya shafi halin mutane. Ki raba su rukuni-rukuni, kowanne mutum 6 zuwa 8, da babba ɗaya da zai kula. A ba da tazarar minti 10 zuwa 15 tsakanin rukuni da rukuni, ko kowanne ya ɗauki hanya daban. A siririyar hanya mutum uku na gaba ne kawai ke ganin abin da jagora ya nuna, kafin na bakwai ya matso tsuntsun ya tashi. Maganin wannan shi ne karɓa-karɓa: duk bayan ɗan lokaci na gaba ya koma baya, kowa ya samu rabonsa. Ki faɗi wannan ƙa'ida tun a mota, domin in an shiga daji kunya ba za ta bar yaro ya ce wa babba ya matsa ba, kuma yaran ne aka yi tafiyar dominsu. Dattawa da masu goyo kada su ji an bar su a baya. Ki zaunar da su a bakin fili inda kurmi ya haɗu da ciyawa, su yi shiru. Sau da yawa mai zama wuri ɗaya yakan riga mai yawo ganin abin kirki, domin bayan 'yan mintoci tsuntsaye sukan manta da shi su ci gaba da harkarsu.

Ki koya musu yadda ake nuna tsuntsu. "Ga shi can, ga shi can!" da miƙa hannu da sauri shi ke korar sa. A yi magana ƙasa-ƙasa, a fara da abin da kowa ke gani, sannan a ɗauki itacen a matsayin fuskar agogo: "Kwakwar nan mai karkata, wajen ƙarfe 2, a kan busasshen reshe." Cikin daƙiƙa kaɗan kowa ya same shi. Wayoyi a rufe musu murya. Tufafi kuma a bar fari da mai walƙiya a gida, a sa kore ko ruwan ƙasa ko toka, hijabi ma haka. Sabuwar shadda ba ta dace ba ko kaɗan, ƙararta kaɗai ta isa ta sanar da dajin kun iso. Takalmi sau-ciki da safa, saboda kwarkwasa da sauro.

An ce gani ya kori ji, amma a kurmi ji ne ke yi wa gani jagora. Da kun shiga ku tsaya cik na minti biyu, kowa ya ƙirga muryoyi nawa daban-daban yake ji. Yara sun fi manya iya wannan. Daga nan ku nemi itacen da ke da 'ya'ya, musamman dangin ɓaure, ku tsaya nesa kaɗan rana na bayanku. Itacen ɓaure guda mai nunannun 'ya'ya ya fi muku tafiyar kilomita biyu, domin kowa zai zo da kansa: koren kurciyoyi, kulkulu, da cilakowar kudu, baƙa da fari mai babban baki ruwan ƙwai-ƙwai. Ita cilakowa labarinta na burge yara. Macen takan shiga kogon itace ta liƙe ƙofar da taɓo da kashinta, ta bar 'yar tsaga, namijin ya yi ta kawo mata abinci har ta ƙyanƙyashe. Shi ya sa in aka sare tsofaffin itatuwa masu kogo, cilakowa ta rasa wurin haihuwa ko da sauran dajin na tsaye. In Allah ya ba ku sa'a za ku ga ɗan'uwan kulkulu na kurmi, kore mai tukku, wanda in ya buɗe fiffike sai ka ga ja jawur. Wannan jan wani sinadari ne mai ɗauke da jan ƙarfe, kuma dangin nan ne kaɗai aka san su da shi. A sama kuma ku duba wata ungulu fara da baƙi mai jan fuska, wadda mafi yawan abincinta 'ya'yan kwakwar manja ne da na tukurwa. Wani lokaci daji ya yi shiru na tsawon lokaci, can sai ƙananan tsuntsaye iri-iri su ɓarko tare suna bin ganye suna tsintar ƙwari. Tare suke kiwo don idanu su yi yawa a kan shaho. In haka ta faru kada kowa ya motsa, cikin minti biyar za su wuce.

Kada ki matsa wa kowa da sunaye. Wanda ya ga tsuntsu ya fara lura da girmansa, ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Sai siffar baki, sai inda yake da abin da yake yi, launi daga ƙarshe. A rubuta a ɗan littafi, a duba sunan daga baya. Sabon shiga da ya gane nau'i goma da kansa a safiya guda ya yi abin yabo, kuma zai riƙe su fiye da hamsin ɗin da jagora ya lissafa masa.

Da hantsi ya yi sai ku sauke idanu ƙasa. Malam-buɗe-littafi wuri uku ake nemansa. Na farko furanni a bakin hanya da fili, inda rana ke sauka. Na biyu jiƙaƙƙiyar ƙasa a gefen ruwa, inda za ki ga sun taru da yawa, farare da rawaya, suna tsotsar taɓo. Kusan dukkansu maza ne, gishiri suke nema, wanda babu shi sosai a ruwan fure, kuma sukan miƙa wa mace wani kaso nasa lokacin barbara don amfanin ƙwai. Dalilin da ya sa wani zai sauka a hannun mai gumi ke nan, kuma da ƙafafunsa yake ɗanɗanawa. Na uku shi ne wanda mutane ba su sani ba: mafi kyawun na kurmi ba ruwansu da fure. Dangin Euphaedra, masu sheƙin kore da shuɗi da ruwan lemo, ƙasa-ƙasa suke tashi a kan hanya suna neman ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Dangin Charaxes, masu kauri da saurin tashi, sukan sauko daga sama don 'ya'yan itacen da suka yi tsami, da ruwan da ke tsatsa daga jikin itace, har da kashin dabba. Masu bincike da ruɓaɓɓiyar ayaba suke jawo su. Ku kada ku ajiye komai a wurin da ake kiyayewa sai da izini, ga kuma birai da za su riga kowa. Ku nemi inda 'ya'yan itace suka zubo da kansu, ku tsuguna ku jira. A matsa a hankali, kuma kada inuwar mutum ta faɗa kansa, domin a wurinsa inuwa mai motsi tsuntsu ne ya kawo hari.

Akwai guda biyu da nake so ki nuna wa yaran, domin darasin kimiyya ne cikakke. Na farko Danaus chrysippus, ruwan lemo mai baƙin gefe da ɗigon fari, yana tashi a hankali ba ya gudun kowa. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci da danginta, ta tara dafin farin ruwan nan a jikinta, dafin ya bi ta har ta zama mai fukafukai. Tsuntsun da ya ci ɗaya zai yi amai, ba zai ƙara kusantar mai wannan launi ba. Na biyu Hypolimnas misippus. Namijinsa baƙi ne mai manyan fararen tabo da shuɗi ya kewaye, macen kuwa ba ta da dafin tumfafiya amma ta ɗauko kamannin na farkon kusan sak, tsuntsaye na ganinta su kauce. Ki sa yara su gwada bambance su a hoto. Sannan duk gidan da ke da itacen lemu a Agege yana iya samun Papilio demodocus, babba baƙi mai zanen rawaya. Tsutsarsa tana ƙarama kamannin kashin tsuntsu gare ta don kada a ci ta, in ta girma ta koma kore. Yaro zai iya ɗaukar reshen da take kai ya sa a kwalba mai huda, ya riƙa sabunta mata ganye, ya ga yadda za ta rataye ta shige ɓawo, bayan kamar mako biyu ta fito da fukafukai, sai ya sake ta.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 shi ne daidai: 8 na nufin yana kusanto da abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda ke shigo da isasshen haske a duhun kurmi. Kada a ruɗe ku da masu manyan lambobi da ake tallarsu a cunkoso, hannu na rawa hoton ya yi ta tsalle. Kafin ki saya ki kalli turken lantarki da shi, in kin ga ya rabu biyu ki ajiye. Guda ɗaya ya ishi mutum biyu ko uku. Dabarar riƙe shi ita ce ido ya tsaya a kan tsuntsun, sannan a ɗago madubin zuwa ido ba tare da an sunkuya ba. Ku gwada wannan a gida da balbela da hankaka kafin ranar. A waya kuma, manhajar Merlin na taimakawa wajen gane tsuntsu, amma a sauke bayanan yankinmu tun a gida, kuma ganewarta da murya ba ta yi ƙarfi a tsuntsayen Afirka kamar na Amurka da Turai ba. Don malam-buɗe-littafi, ki ɗauki hoto ki ɗora a manhajar iNaturalist, masana za su faɗi sunansa. Jagora kuwa, ki tambaya a NCF ko wajen 'yan Lekki Bird Club. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma da bayanan 'yan sa-kai take yin sa ta manhajar BirdLasser. Abin da ɗalibanki suka gani a Agege ma yana da gurbi a ciki.

Sai abin da nake roƙon ki ja kunne a kai. Danƙo ya kwana a gida. Kada a taɓa sheƙa ko a tsaya kusa da ita, domin uwar ba za ta dawo ba muddin ana wurin, ƙwai kuma su huce ko hankaka ya gano su. Addininmu ma ya hana tayar wa tsuntsuwa hankali ta hanyar ɗauke mata 'ya'ya. Kada a kama malam-buɗe-littafi da hannu, wannan garin da ke maƙalewa a yatsa ƙananan ɓawo ne da suka rufe fiffiken, kuma ba sa sake tsirowa. Kada a ba birai abinci, shi ke koya musu fizge jaka da cizo. In jagora ya kunna kukan tsuntsu a waya don ya jawo shi, sau ɗaya ya isa, domin tsuntsun yana zuwa ne a fusace yana zaton wani ya shigo masa yanki, ya bar kiwo da sheƙa. Kuma duk wanda sha'awa ta kama bayan an dawo kada ta kai shi sayen aku a kasuwa. Kamun da ake yi masa don sayarwa ne ya sa tun 2016 aka sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa, aka kuma hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. Ungulun da muka taso muna gani a kowace mahauta ita ma tun 2015 tana sahun da ya fi kowanne haɗari, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta. Ki tambayi dattawan ƙungiyarku yaushe rabon su ga ungulu a mayankar Oko-Oba, za ki ji abin da za su ce, kuma ya kamata yaran su ji amsar.

In kuka wayi gari ranar da hadari, kada ku fasa, sai dai in ruwan mai iska ne da tsawa. Ku riƙe leda don wayoyi da littattafai, ku fake ku jira. Ruwan Nuwamba ba ya daɗewa, kuma da ya tsagaita tsuntsaye kan fito fili su shanya gashi su rama kiwon da suka rasa, a lokacin ma sun fi sauƙin gani. Malam-buɗe-littafi ne zai makara, sai rana ta sake buɗewa ganye ya tsane, don haka ki gaya wa direba tun da wuri cewa komawarku na iya kaiwa la'asar.